Yadda Delft ta mayar wa yara titin ƙofar gida

A 1971 haɗarin mota ya halaka mutum fiye da 3,000 a ƙasar Holan, cikinsu har da yara sama da 400. Titunan unguwa, waɗanda a da su ne dandalin wasa, sun koma hanyar ratse ga masu sauri.

Tun ƙarshen shekarun 1960 mazauna wasu tsofaffin unguwannin Delft suka fara kokawa, ma'aikatar magajin gari kuwa ta ɗauki matakin da ya saɓa wa koyarwar injiniyoyin zamanin. Maimakon faɗaɗa titi, sai ta matse shi. Aka share iyakar da ke tsakanin hanyar mota da ta masu ƙafa, aka shimfiɗa tubali daga bango zuwa bango, aka dasa itatuwa, aka girka kujeru a inda dole direba ya karkace. Sunan tsarin woonerf, wato farfajiyar zama. Hikimarsa ita ce ba a dogara da allon gargaɗi ba, wanda direba kan gani ya wuce. Ƙirar titin da kanta ke tilasta masa taka birki.

A 1976 gwamnatin ƙasa ta ba shi gindin doka: mai tafiya ƙasa na da ikon bin duk faɗin titi, yara su yi wasa a kai, mota ta bi da saurin ɗan Adam, kuma a ajiye ta a gurbin da aka shata kawai.

Sai dai aikin na cin kuɗi, domin kowane titi sai an tone shi ɗungurungum. Saboda haka a shekarun 1980 garuruwa da dama suka karkata ga abin da ya fi araha: ƙayyade gudu a kilomita 30 cikin awa.