Mai Gadin Numfashi: Tarihin Taƙaddamar Likita da Ma'aikacin Jinya a Ɗakin Tiyata

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ce za a yi wa wani namu tiyata, tambayar da dangi suka fi yi ita ce, wane likita ne zai yi aikin? Ba safai ake tambayar wanda zai sa majinyaci barci ba, alhali kuwa numfashinsa da bugun zuciyarsa amana ne a hannun wannan bawan Allah, tun daga fara aiki har zuwa farfaɗowa. A asibitocin koyarwa ƙwararren likita ne ke jagorantar wannan aiki. A galibin asibitocin ƙananan hukumomi irin namu kuwa, ma'aikacin jinya ne da ya sami horo na musamman. Shin a hannun wa rai ya fi samun aminci? An shafe fiye da shekara ɗari ana wannan muhawara, musamman a ƙasar Amurka, kuma tun da waiwaye adon tafiya ne, ya dace mu ga abin da tarihinta zai koya mana.

Mafarin Maganin Sa Barci

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, tiyata azaba ce tsantsa. Ƙarti ne ke danne majinyaci, gwanintar likita kuwa ana auna ta ne da saurin hannunsa. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin eta a birnin Boston, aka cire masa ƙari a wuya ba tare da an danne shi ba. A 1847 James Simpson na Edinbura ya fara amfani da kulorofom. Sai dai murna ba ta je ko'ina ba, domin a watan Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farce. Tun daga nan aka gane cewa tazarar da ke tsakanin barci da mutuwa ba ta da yawa, kuma tilas a sami mai gadinta.

Yadda Hanya ta Rabu Biyu

A Birtaniya likitoci ne suka rungumi aikin tun da fari. Likita John Snow ne ma ya ba Sarauniya Victoria kulorofom lokacin haihuwarta ta 1853. A Amurka kuwa an raina aikin saboda ƙarancin ladansa, aka bar wa ɗalibai da ƙananan likitoci, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga kallon wuƙar maigida fiye da numfashin majinyaci. Wannan ya sa likitocin tiyata suka koma ga mata ma'aikatan jinya, waɗanda za su mai da aikin sana'arsu. Tarihi ya ambaci Sista Mary Bernard ta garin Erie a 1877 cikin na farko. Wadda ta fi shahara ita ce Alice Magaw, wadda ta yi aiki da likitocin gidan Mayo a jihar Minesota. A 1906 ta wallafa rahoton sa barci fiye da sau 14,000 ba tare da an danganta mutuwa ko ɗaya da aikinta ba. Sirrinta shi ne ɗiga magani sannu a hankali, da kwantar wa majinyaci hankali da magana, da rashin ɗauke ido daga kansa.

Da aikin ya yi daraja, sai wasu likitoci suka ce ai haƙƙinsu ne su kaɗai. Magana ta kai kotu a jihar Kentaki a 1917, sannan a Kalifoniya a 1936, kuma duk sau biyun alƙalai sun yanke cewa ma'aikaciyar jinya na iya sa barci a ƙarƙashin umarnin likita. A 1931 Agatha Hodgins ta kafa wa ma'aikatan jinya masu sa barci ƙungiyarsu ta ƙasa, su kuma likitoci suka kafa hukumar jarraba ƙwararrunsu a 1938.

Abin da Ya Rage Mace-mace

A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka fitar da sakamakon nazarin sa barci kusan sau 600,000 a manyan asibitoci 10 na Amurka. Sun gano cewa a cikin kowane majinyaci 1,560, maganin sa barci yana da hannu a mutuwar ɗaya. A yau a ƙasashen da suka ci gaba, ana maganar kimanin ɗaya cikin 100,000 ne. Wannan gagarumin sauyi ya faru ne alhali ɓangarorin biyu suna ci gaba da aiki. An tsawaita horo, an sami magunguna masu sauƙin sarrafawa, sannan aka sami na'urorin sa ido. Babba a cikinsu ita ce 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai auna iskar oksijin a jini, wadda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. A da sai leɓen majinyaci ya sauya launi kafin a farga, yanzu kuwa na'ura na yin ƙara tun da sauran lokaci. A 1986 likitocin sa barci na Amurka suka shimfiɗa ƙa'idojin sa ido, ciki har da cewa mai sa barci ba zai bar ɗaki ba matuƙar ana aiki. Wannan yabo nasu ne, kuma kowa ya amfana.

Hukuncin Masu Bincike

A shekarar 2000 binciken Jeffrey Silber a jihar Pensilbaniya ya nuna an fi samun mace-mace idan ba ƙwararren likita ne ya jagoranci sa barci ba. A 2001 gwamnatin Amurka ta ba jihohi damar janye sharaɗin sa idon likita, jihar Ayowa ta fara. A 2010 wani binciken, wanda ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ɗauki nauyinsa, ya ce janye sharaɗin bai ƙara cutar da kowa ba. Da masanan Cochrane suka tattara bincike 6 a 2014, sai suka ce hujjojin ba su isa a fifita wani ɓangare ba, domin tun asali likitoci ake kai wa majinyatan da ciwonsu ya fi tsanani.

Sai dai, ya mai karatu, kada mu ɗauki wannan hukunci mu yafa wa kanmu ido rufe. Ma'aikacin jinyar Amurka yana shafe shekaru yana karatu mai zurfi, kuma kayan aiki na gabansa. Wani nazari na 2016 a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna cewa kusan kashi 14 cikin 100 na matan da ke rasuwa bayan tiyatar haihuwa, sa barci ne sanadi, galibi ta hanyar toshewar numfashi ko shigar amai cikin huhu. Ya kuma nuna mace-macen sun fi yawa a hannun waɗanda ba likitoci ba. Su ne kuwa ake turawa karkara, inda oksijin da jini da wutar lantarki ke yankewa, babu kuma na gaba da za a kira.

Kammalawa

Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta da ko likita 1 na wannan fanni ga mutum 100,000, alhali ƙungiyar ta ce a sami aƙalla 5. Ke nan matar da naƙuda ta gardame mata da tsakar dare a garinmu, ma'aikacin jinya za ta taras, kuma haka lamarin zai daɗe. Abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar ta taras da shi da horo, da kayan aiki, da ƙwararren likitan da zai tuntuɓa idan lamari ya cije.

Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba. Kwamitin ilimi na iya ɗaukar nauyin 'ya'yanmu ma'aikatan jinya su ƙaro karatu a fannin, bisa alkawarin dawowa gida, ya kuma ƙarfafa wa likitocinmu matasa gwiwa su ƙware a kansa. Kwamitin lafiya na iya sayen na'urar yatsa da tukwanen oksijin, waɗanda kuɗinsu bai kai na walimar taron shekara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.