Ƙofa Ba Ganuwa

Bayan shekara takwas muka koma Katsina da Babbar Sallah, tare da yaranmu da aka haifa a Legas. Da muka gama gaishe-gaishen dangi, Kawu ya ce a kai su su ga gari.

Muka fara da Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 ke nan. Muka wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938. Yau gidan adana kayan tarihi ce.

A Ƙofar 'Yandaka, inda Lugga ya shigo a 1903, autarmu ta ce, "Baba, ga ƙofa, to ina ganuwar?" Muka yi shiru. Muna yara mun hau ragowarta, yanzu kuwa shaguna da gidaje sun cinye wurin. Kawu ne ya nuna mana inda ta bi, ga shi ya haura tamanin.

Da daddare muka kunna waya muka ajiye gabansa, muka ce, "Kawu, a faro mana daga farko."