Daga Ƙafa Zuwa Bayan A-kori-kura: Yadda Mota Ta Sauya Tafiyar Karen Farauta

Idan kana yawan bi ta wajen Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da rani bayan an gama girbi, ba mamaki ka taɓa cin karo da su: a-kori-kura cike da samari, ga gorori da adduna, ga karnuka sun leƙo kai, harshe a waje. 'Yan farauta ne za su shiga daji. Wanda ya tashi ya tarar da haka sai ya ɗauka dama can haka abin yake, alhali shigar kare mota sabon abu ne ƙwarai idan ka auna shi da daɗewar tafiyarsa da ɗan Adam.

Kare ba ɗan asalin Afirka ba ne. Daga kyarkecin Turai da Asiya ya samo asali, aƙalla shekara 15,000 da suka wuce, kuma biyo mutane ya yi ya shigo wannan nahiya. A shekarar 2017 masu binciken kayan tarihi suka wallafa bayanin wasu zane-zane da ke jikin duwatsun Shuwaimis da Jubba a Saudiyya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 8,000. Me aka zana? Maharbi da bakansa, karnuka kewaye da shi, wasu an ɗaure su da igiya a ƙugunsa. Kusa da mu kuma akwai dogon karen nan siriri na Buzaye, mai ɗauke da sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda ke bin ayari yana korar barewa.

A ƙasar Hausa ma farauta sana'a ce mai tsari, har da sarautunta irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, kuma shari'a ta halatta naman da horarren kare ya kamo bisa sharuɗɗa. Amma duk tsawon wannan tarihi, da ƙafa ake tafiya. Nisan farauta bai wuce abin da ƙafar mutum da ta kare za su iya ba.

Ƙarni na 20 ne ya rushe wannan iyaka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, hanyoyin mota suka biyo baya. A 1948 aka fito da Land Rover, motar da ba ruwanta da kwalta. Sai dai a ganina wadda ta fi taɓa talaka ita ce Peugeot, da aka fara haɗawa a Kakuri, nan kudancin kogin Kaduna, a 1975. Da a-kori-kura ta wadata, dajin da a da sai an kwana uku a hanya ya koma tafiyar safiya ɗaya. Yau mafarautan Arewa har kurmin Kudu suke kaiwa. Mutum 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 mafarauta ne 'yan Kano da ke hanyar komawa gida daga jihar Ribas.

To, shi karen fa, yaya jikinsa ya karɓi wannan sauyi? Kai idan zafi ya dame ka, gumi kake yi ta ko'ina. Kare ba shi da wannan gatan. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, sauran aikin duk haki ne: iska na bi ta kan jiƙaƙƙen harshe da hanci, ruwa na tashi yana ɗauke zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 kuwa gaɓoɓin ciki sun fara shiga haɗari. Karen da ke tafiya da ƙafarsa ya san dabara, zai raɓe a inuwa, ya tona ƙasa mai sanyi ya kwanta, ya tsaya a rafi. Wanda aka ɗaure da sarƙa a kan ƙarfen bayan mota da ranar Afrilu, an cunkusa shi cikin 'yan uwansa, ba shi da zaɓi ko ɗaya. Ƙara da girgizar hanyar daji, wadda ke rikita ma'aunin daidaito da ke cikin kunnensa har ya yi amai, ruwan jikinsa ya ƙara raguwa. Shi ya sa tafiyar asuba da tsayawa ba su ruwa ba shagwaɓa kare ba ne.

Abu na biyu cuta ce, kuma hanya biyu take bi. Karen da ya tashi a busasshiyar Arewa idan aka kai shi kurmi, zai haɗu da ƙudan tsando mai ɗauke da sammore. Kare na kamuwa da ita, ya rame, ya yi zazzaɓi, wani lokaci idonsa ya yi fari kamar an shafa madara. Cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa, NITR, a nan Kaduna hedikwatarta take, kuma tun zamanin Turawa aka kafa ta.

Ɗaya hanyar ta fi tayar da hankali, wato haukan kare. Ƙwayar cutar na iya yin makonni, har watanni, a jikin kare kafin alama ta fito. A da, karen da aka ciza a daji ba ya wuce 'yan ƙauyukan kusa. Yanzu yana iya kwana a wata jiha, garau a ido, ya sauka a unguwarku cikin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan cuta duk shekara, kusan dukkansu ta dalilin kare, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum da wuya a tsira.

Abin takaicin shi ne rigakafin ya girmi a-kori-kura nesa ba kusa ba. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allurar farko a Faransa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa ta karnuka a nan gida. Masana sun nuna idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa a cikinsu. Idan kuma kare ya riga ya cije ka, na farauta ne ko na gida, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ka wuce asibiti a ranar, kada ka zauna jiran ganin ko karen zai haukace.