Tarihin guba a karkararmu: daga kura har kan shamuwa

 Yaran lakwal sun tambaye mu mi ya sa ba a ganin angulu kamar yadda kakanninsu ke faɗi. Mun ga ya kamata mu maido tambayar gaban waɗanda suka ga abin da idonsu.

Tun zamanin Nasara, da bayan samun ƴanci a 1960, ma'aikatan kiwo suna zuba guba mai suna istirkinin cikin mushe domin kura da dila masu ɓarnar bisashe. Makiyaya sun yi murna. Amma mushe ba ya zaɓen mai cin shi. Angulu ta sauka, hankaka ya sauka, karen gari ya je da dare, duk suka kwanta tare da kurar.

Bayan farin 1973, fara ta taso ma hatsi, aka raba ma manoma hodar HCH. Ana zuba ta cikin ɗan buhu ana kaɗawa bisa gero da hannu, ba safa, ba abin rufe hanci. Ƙungiyar OCLALAV, wadda aka kafa a 1965, ita kuma tana feshin diyaldirin a hanyar farar dango. Wannan magani ba ya mutuwa da wuri. Yana zama cikin ƙasa shekaru, yana taruwa cikin kitsen duk abin da ya ci shi. Kaza ta tsinci farar da ta sha magani, zabo ya tsinta, balbela da shamuwa suka ci suka ƙoshi. To shamuwar nan da ke sheƙa bisa itatuwan gari, ita ce ke cin fara kyauta kowace damina. Mun biya kuɗi mun kashe ɗan ƙwadagon da bai taɓa neman lada ba.

Lokacin babbar fara ta 1986 zuwa 1989 masu ba da taimako sun ƙi diyaldirin, aka koma ga fenitirotiyon da malatiyon. A 1991 aka kwashe sama da lita dubu 50 da suka saura a Nijar, aka kai Holan aka ƙone. Yarjejeniyar Istokolom ta 2001 ta hana shi.

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙidaya tsuntsaye bisa hanyoyin Nijar, Mali da Burkina tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin su bayan shekara talatin: manyan angulaye sun kusa ƙarewa in ba cikin gandun daji ba. Ba guba kaɗai ba ce, akwai farauta da sarar daji, amma tana ciki.

Yau ba jirgi ke kawo ta ba, mu ke sayen ta a kasuwa, wani lokaci cikin kwalba marar takarda. Bidon da ya ƙare kuma, da shi ake shayar da awaki. Muna roƙon dattawa da suka kaɗa hoda a shekarun nan su zo taron ƙungiya na bayan girbi su ba mu labari, mu rubuta ma yaran.