Daga Aska zuwa Awon Jini: Tarihin Shagon Askin Baƙar Fatar Amurka

Tun zamanin bauta baƙar fatar Amurka suka riƙe aska, amma kawunan Turawa suke aski. A garin Natchez na jihar Misisipi, wani 'yantaccen bawa mai suna William Johnson ya yi arziki da wannan sana'a, har ya bar littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum daga 1835 zuwa 1851. Alonzo Herndon kuwa, wanda aka haifa cikin bauta a 1858, ya buɗe wani ƙasaitaccen shago a titin Peachtree na birnin Atlanta. Da ribar askin Turawa ya kafa kamfanin inshora a 1905.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 al'amura suka juya. Ƙungiyoyin Turawa masu aski da dokokin lasisi suka ture baƙaƙe daga tsakiyar kasuwa, wariyar launin fata kuma ta ƙara tsauri. Sai masu askin suka koma unguwanninsu, suna yi wa 'yan'uwansu. A nan shagon ya zama majalisa, inda ake baje labarin siyasa da na aiki da na wasanni, kuma mutum kan shekara ashirin bai sauya mai askinsa ba.

Asibiti bai samu irin wannan amana ba, kuma da dalili. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta sa ido a kan ɗaruruwan maza baƙar fata masu ciwon tunjere a yankin Tuskegee na jihar Alabama, aka hana su magani don a ga yadda cutar ke cin jiki. Tabon abin bai goge ba. Ga shi kuma hawan jini ya fi addabar baƙar fata a ƙasar, yana kama su da wuri, yana jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, alhali mazansu ba su cika zuwa wajen likita ba.

Wani likita, Ronald Victor, ya ga cewa gara a bi mutanen inda suke zama. Ya fara da shaguna 17 a birnin Dalas na jihar Teksas, inda aka koya wa masu askin wasu daga cikinsu awon jini da nusar da mai hawan jini ya je asibiti. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna an samu ci gaba, amma kaɗan ne. Da yawa sun ji nasiha, sun je, sai dai maganin da aka ba su bai kai ya sauko da jinin yadda ake so ba.

A Los Anjeles sai ya sauya dabara. Aka ɗauki shaguna 52 da maza 319 masu hawan jini, aka raba shagunan gida biyu. A kashi ɗaya, mai aski yana ba da shawara kan abinci da motsa jiki da ganin likita. A ɗayan kuma, yana haɗa abokin cinikinsa da masanin magunguna wanda ke zuwa har shagon, ya auna jini, ya rubuta magani bisa yarjejeniya da likitan mutumin, ya riƙa gyara shi in bai yi aiki ba.

Bayan wata shida, lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 27 a kashi na biyu, a na farko kuwa da 9 kacal. Kusan mutum 64 cikin 100 na waɗanda masanin magunguna ya bi sun koma ƙasa da 130 bisa 80, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai 12 cikin 100 ba.

An wallafa wannan a watan Maris na 2018, Victor ya rasu a Satumbar shekarar. Abokan aikinsa da suka fitar da awon cikar shekara guda sun tarar jinin mutanen bai koma sama ba, duk da cewa masanan magungunan sun rage zuwa shagunan.