Ramin da Ya Fi Mai Haƙarsa Tsawon Rai

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san kududdufi. Daga irin waɗannan ramuka magabata suka ɗebi ƙasar da suka gina ganuwa da soraye da Hasumiyar Gobarau, kuma ramin bai zama maraya ba bayan an gama gini. Ruwan damina na unguwa a cikinsa yake taruwa, magina su koma su kwaɓa tubali da rani, kowa kuma ya san unguwar da take da shi. Ramin ma'adinai na zamani ya zo da wata ɗabi'a dabam, domin mai haƙarsa baƙo ne, ranar da arzikin ya ƙare ranar yake ɗaure kayansa.

A tsaunukan Jos aka fara ganin haka. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna narka kuza a Riruwai da Liruwen Dalma, fatake suna yawo da ita a kasuwanni. Sai a 1903 Henry Laws, ma'aikacin kamfanin Niger Company, ya bi sawun kuzar har ya hau tsaunin, kamfanonin Ingila suka biyo bayansa. 'Yan ƙwadago daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka yi ta kwarara can, suna ɗaukar ƙasa a kwano bisa kai. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa hakimai da dagatai ɗibar mutane aikin tilas, har zuwa 1944. Sanyin tsauni da yunwa da cuta suka ci da yawa daga cikinsu. A duk wannan lokaci babu mai tambayar abin da zai faru da gonakin Birom da aka kwashe musu fata.

Dokar Ma'adinai ta 1946 ce ta buɗe ƙofar tilasta wa kamfani ya gyara filin da ya ɓata. To amma ta zo ne bayan shekara arba'in ana haƙa, kuma ramukan da suka riga ta ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Inda aka yi gyaran ma, an baje tsibin ƙasa ne aka dasa itacen turare, saboda yana jure ƙasar da ta mutu. Filin ya yi kore a idon mai wucewa, amma manomin da aka karɓe wa gona bai samu wurin shuka accarsa ba. Ɗan abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da aka bari. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, sauran kamfanonin suka durƙushe, aka bar tafkuna birjik a Bukur da Barikin Ladi. Masu noman rani suna jan ruwansu su shayar da dankali da kabeji, wannan gaskiya ne, sai dai tafkunan suna cin yara da dabbobi har yau.

Za a ce Najeriya ta ɗauki darasi, kuma a takarda ta ɗauka. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta nazarin illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ƙara matsawa: mai lasisi zai gabatar da tsarin yadda zai farfaɗo da filin, ya kuma riƙa zuba kuɗi a wani asusu na musamman tun yana kan cin riba. A ganina wannan ne tanadi mafi hikima a dokar, domin wanda ya karye ba a bin sa bashin cike rami. Sai dai an ɗinka rigar ne daidai jikin kamfani mai ofis da hatimi. Mutumin ƙauye da ke shiga rami da diga da fitila ba ya cikin lissafin kowa, ga shi kuma tsarin mulki ya bar ikon ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, nesa da dagacin da ake haƙar a bayan gidansa.

Shekara uku kacal bayan dokar, maƙwabciyarmu Zamfara ta biya kuɗin wannan giɓi. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma. Maza suna kawo shi gida, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda jarirai suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

A nan farfaɗo da ƙasa ya tashi daga zancen ado ya koma zancen rai. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ita, don haka dole a gyara gari kafin a fara magani. Mutanen ƙauyukan da kansu, tare da ƙwararrun TerraGraphics da ma'aikatar muhalli ta jihar, suka bi gida gida da fartanya suna kankare saman ƙasa, a zuba a buhu, a binne a rami na musamman, a shimfiɗa sabuwa mai tsabta. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka huɗu. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi zaman jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013, yaranta suna shaƙar ƙurar duk tsawon jiran.

A 2015 aka sake ganin irin wannan annoba a Shikira ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Mu kuma a jihar Katsina ana ta ɗibar farar ƙasa a Ƙanƙara, motoci suna fita da ita zuwa masana'antu, ramukan suna nan a gefen gonaki suna jiran damina.