Rufin rumfa na roba mai haske: yadda za ku kula da shi

Ana kiran wannan roba polikabonat. Tana barin haske ya shiga rumfa, tana tare ruwan sama, kuma ba ta fashewa da sauƙi kamar gilashi. Sai dai fuskarta ba ta jure karta. Idan ta karce, sai ta dushe, kuma ba ta komawa yadda take.

Ku wanke rufin sau 2 a shekara: bayan ƙurar hunturu, da kuma cikin watan Mayu, kafin damana ta sauka.

Ku yi aikin da sassafe, kafin rufin ya yi zafi. Ku fara da kwara ruwa domin ƙura ta sauka, saboda shafa busasshiyar ƙura shi ne ke karce roba. Bayan haka ku wanke da tsumma mai laushi da ruwan sabulu kaɗan. Ku ɗauraye, ku tsane da wani tsumma.

Kada ku sa yashi, toka, kanwa, soson ƙarfe ko fetur. Wasu suna karce robar, wasu suna sa ta tsage.

Kada ku taka rufin, kuna iya faɗowa. Ku tsaya bisa tsani.

Zafi yana sa roba ta miƙe, har kusan milimita 3 a kowace mita. Saboda haka kada ku ɗaure ƙusoshi tamau, amma ku gyara waɗanda suka saki kafin iskar farkon damana ta yaye rufin. Ku kwashe ganyaye daga indararo domin ruwa ya samu hanya.